Wata biyu kafin bak: amsa ga ɗalibar da ke kwana karatu amma makinta bai tashi ba

Wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare), sashen D na kimiyya, mai shirin bak, wato jarrabawar kammala lise, ta rubuto daga Tahoua ta ƙasar Nijar tana cewa: "Malam, kullum ina kan kayena (littafin rubutuna) har ƙarfe biyu na dare, kuma idan ina karantawa sai in ga kamar na san kome. Amma a jarrabawar gwaji da aka yi mana, matsakaicin makina bai wuce 8 bisa 20 ba, domin da zarar an raba takarda sai abin da na karanta ya gudu. Saura kimanin wata biyu a yi bak. Ƙwaƙwalwata ce ba ta da kyau, ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?"

Ƴata, ƙwaƙwalwarki lafiya lau take, kuma duk malamin da ya daɗe yana riƙe da ajin jarrabawa ya san irin wannan kuka, domin mafi yawan masu yin sa ɗalibai ne masu ƙwazo. Matsalar tana cikin irin aikin da kike ba ƙwaƙwalwar a cikin waɗannan dogayen darare. Idan ido ya bi ta kan shafin da ya riga ya gani sau biyar, kome na shafin ya kan zo da sauƙi, har mutum ya san kalmar da za ta biyo kafin ya kai gare ta, sai zuciya ta ɗauka cewa an iya darasin. Abin da ya faru kawai shi ne kin saba da shafin, kina gane shi idan yana gabanki. A ɗakin jarrabawa kuwa farar takarda za a miƙo miki, a ce ki fito da abin daga kanki ba tare da wani ya nuna miki farkonsa ba, kuma wannan fitarwa ita ce ba ki taɓa horar da kanki a kai ba. Saboda haka shawarata ta farko, wadda duk sauran suke rataye a jikinta, ita ce ki rage lokacin da kaye yake buɗe a gabanki, ki ƙara lokacin da yake rufe kina ƙoƙarin tuno abin da ke cikinsa.

An gwada wannan magana a kimiyyance. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu aka sa su yi zama huɗu suna maimaita karanta shi, wasu kuma suka yi zama ɗaya na karatu, sannan zama uku suna rubuta duk abin da suka iya tunawa ba tare da sun duba ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu rubutawa daga ka sun riƙe kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuwa kashi 40. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne cewa masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna, wato daidai halin da kike ciki. Daga baya, a 2013, John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma da ɗalibai suka saba amfani da su, suka tarar biyu ne kaɗai suka cancanci babban matsayi, gwada kai da kuma rarraba bita a kan kwanaki, alhali maimaita karatu da ja wa layuka launi, waɗanda ɗalibanmu suka fi ƙauna, suna cikin masu ƙarancin amfani.

Ba sai mun je Amurka ba ma kafin mu gane haka. A makarantar allo ba a barin yaro ya wanke allonsa don kawai ya ce ya karanta sau ɗari, sai ya kife allon ya kawo hadda da ka a gaban malam, kuma ko bayan an yi masa ƙari ba a ƙyale shi ya manta da na baya, dole ya riƙa tishi da tilawa. Kin bi ta wannan hanya tun kina ƙarama, kuma ita ce nake so ki mayar wa karatun boko, da sharaɗi ɗaya, cewa a bak fahimta ake nema ki kawo, kalmomin malam ɗaya bayan ɗaya ba su ne abin haddacewa ba.

Ga yadda zama ɗaya ya kamata ya kasance, bari mu ɗauki darasin gadon halitta da dokokin Mendel, masanin da ya gano yadda zuriya ke gadon halaye. Ki karanta babin sau ɗaya a tsanake, kamar na minti goma sha biyar, sannan ki rufe kayen ki ture shi inda hannunki ba zai kai ba. Ki ɗauki farar takarda ki rubuta daga ka: idan aka yi auren iri tsakanin tsantsar iri mai ƙwaya sumul da tsantsar iri mai ƙwaya a yamutse, me ya sa zuriyar farko duk ta fito sumul, kuma me ya sa a zuriya ta biyu ake samun kashi uku sumul, kashi ɗaya a yamutse? Ki zana jadawalin da hannunki, ki cika gidajensa huɗu. Daga nan ki tambayi kanki yadda za a yi a samu rabon 9, 3, 3, 1 a zuriya ta biyu idan halaye biyu ake bi, da abin da sakamakon zai nuna idan halayen biyu suna kan kromozom ɗaya, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta. Za ki cije a wani wuri, kuma za ki ji hannunki yana son ya jawo kayen. Ki daure minti biyu ko uku tukuna, domin wannan fafutukar tunowa ita ce take kafa abin a ƙwaƙwalwa. Sai bayan kin zazzage duk abin da ke kanki za ki buɗe, ki ɗauki jan bik ki gyara. Abin da jan bik ya taɓa shi ne karatunki na gobe, sauran kuwa kin iya, kada ki ɓata dare a kansa. Na san wannan hanya ba ta da daɗi, domin kullum tana nuna wa mutum inda ya gaza, amma gara takardarki ta gida ta nuna miki a watan Mayu da mai gyaran jarrabawa ya nuna miki bayan an gama.

Abu na biyu shi ne lokacin komawa kan abin da aka koya. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan sai ta lafa, kuma sake koyon abin da aka taɓa koya ya fi sauƙi a kan koyon farko. Ma'anar wannan a gare ki ita ce awa uku da aka raba gida uku a cikin mako sun fi awa uku da aka zuba a dare ɗaya albarka. Babin da kika yi yau, ki sake gwada kanki a kansa gobe na minti goma, sannan bayan kwana uku ko huɗu, sannan bayan mako guda, sannan sau ɗaya kafin jarrabawa. Ƙa'idojin lissafi da na fizik da shimi, da ranakun tarihi, ki yanka takarda ƙanana ki rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, ki zuba su cikin ambulan uku. Wadda kika kasa tana zama a ambulan na farko da ake dubawa kullum, wadda kika amsa daidai ta wuce na biyu da ake dubawa bayan kwana uku, in ta sake tsallakewa ta shiga na uku na mako-mako, in kuwa ta kuɓuce miki a ko'ina sai ta koma na farko. Wannan aiki ba ya bukatar wuta ko tebur, ana iya yin sa a bakin murhu ana jiran tukunya.

Yanzu sai maganar abin da za ki fara da shi, domin wata biyu ba za su ishe ki bitar kome daidai wa daida ba, kuma wanda ya ce zai yi hakan ya kan ƙare bai gama ko ɗaya ba. Bak lissafi ne: kowane darasi yana da nauyinsa, wato kowefisiyan, ana ninka makinsa da wannan nauyi, a tara, a raba, kuma 10 bisa 20 ake nema. A ɗauka wani darasi nauyinsa 5 ne kuma kina da 6 a cikinsa; idan kika ɗaga shi zuwa 9 kin samu maki 15 a jimla. Wani darasin mai nauyin 2 da kike da 13, ko kin wahala kin kai shi 15, maki 4 kawai kika ƙara. Ɗalibai suna son zama a kan darasin da suka riga suka iya saboda yana kwantar musu da hankali, alhali ribar tana can wajen wanda suke gudu. A sashen D lissafi, fizik da shimi, da ilimin halittu su ne masu ɗauke da kaya mafi nauyi. Ki nemi ainihin nauyin kowane darasi a ofishin makarantarku, ki ajiye takardun jarrabawar gwajinki kusa da shi, ki ga da idonki inda makin ya zube. Daga 8 zuwa 10 tazara ce da ake rufewa cikin wata biyu, kuma sau da yawa babi uku ko huɗu ne kawai suke riƙe da ita. Duk da haka kada ki yi watsi da ƙananan darussa gaba ɗaya, domin maki 3 a falsafa ko Faransanci yana iya cinye duk ribar da kika sha wuya kika samo a lissafi.

A lissafi da fizik, karanta gyararren aiki ba karatu ba ne ko kaɗan. Mutum ya kan bi gyaran malam layi bayan layi yana gyaɗa kai, kome ya yi masa daidai, amma a ba shi irin aikin da lambobi daban sai ya rasa ta inda zai kama. Ki samo tambayoyin bak na shekarun baya, waɗanda ɗalibai ke kira anal, ki rufe gyaran, ki yi da kanki. Kuma ki riƙa cakuɗa su. Idan kika yi aiki goma a jere duk a kan logaritim, tun daga na uku hannunki ne kawai yake tafiya, domin kin riga kin san dabarar da za a yi amfani da ita kafin ki karanta tambayar. Ranar jarrabawa kuwa babu mai gaya miki daga wane babi tambaya ta fito, kuma gano hakan shi ne rabin aikin. Saboda haka a zama ɗaya ki haɗa ɗaya na jerin lambobi, ɗaya na lissafin yiwuwa, ɗaya na nazarin fonksiyon. Za ki ga kina yin kuskure fiye da da, kada wannan ya karya miki gwiwa. Ki keɓe ƙaramin kaye na kurakurai, inda za ki rubuta kowane kuskure tare da dalilinsa: rashin sanin ƙa'ida ne, ko rashin karanta tambaya da kyau, ko gaggawa ce ta sa aka manta alamar ragi ko ma'aunin amsa. Bayan mako biyu za ki lura cewa kurakuran naki ƴan kaɗan ne suke ta dawowa da sabuwar riga. Sannan aƙalla sau ɗaya a mako, ranar da babu makaranta, ki zauna ki yi cikakkiyar jarrabawa ɗaya da agogo a gabanki, iyakar lokacin da ake bayarwa a bak, ba tashi, ba waya, ba leƙe. Wannan zama shi ne maganin abin da kika kira gudun karatu, domin firgicin farar takarda yana raguwa ne idan an saba haɗuwa da ita.

Akwai wata wahala da ɗalibanmu suke ɗauke da ita wadda ba a cika faɗa ba, ita ce suna tunani da Hausa ko wani harshen gida, suna amsawa da Faransanci. Wannan ne yake tura da yawa ga haddace jimlolin kaye kamar yadda suke, kuma da kalma ɗaya ta ɓace sai dukan jimlar ta rushe. Ki yi aikin hawa biyu. Da farko ki bayyana darasin da Hausa ga ƙanwarki ko ƙawarki, da baki, ba tare da kaye ba. Idan kin kasa faɗin dalilin da ya sa ruwan asid mai ƙarfi yake ƙara pH ɗinsa (awon tsami, wanda ke hawa idan tsamin ya ragu) da ɗaya idan aka tsarma shi sau goma, to ba ki gane ba tukuna, ko da kin iya rera ƙa'idar. Bayan haka ki rubuta shi da Faransanci da kalmomin fannin daidai, tunda da su za a yi miki hukunci. Haka tarihi yake. Sanin cewa an yi ƙuri'ar raba gardama kan ci gaba da zama cikin ƙawancen Faransa ranar 28 ga Satumba 1958, an kafa jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958, an samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, duk wajibi ne, amma makin yana wajen wanda zai iya bayyana abin da ya sa Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka yi kiran a ce a'a, da yadda faɗuwarsu a wannan ƙuri'a ta buɗe wa Diori Hamani hanya. A falsafa kuma ba sai kin rubuta cikakken sharhi kullum ba. Ki ɗauki tambaya ɗaya, ki fitar da matsalar da ke cikinta da tsarin amsa cikin minti ashirin, wannan ya wadatar a yawancin ranaku.

Batun ƙarfe biyu na dare kuwa, ki daina shi daga yau. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, kuma likitocin barci suna ba matasa masu shekara 13 zuwa 18 shawarar awa 8 zuwa 10, manya kuma kada su gaza awa 7. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi da asuba ya yi asara biyu, bai riƙe na daren ba, kuma bai fahimci na aji da safe ba. Kin san zafin Tahoua a watannin Afrilu da Mayu, inda awo yake haura 40 da rana, ga ɗaukewar wuta, saboda haka ki ba darasi mafi wuya lokaci mafi sanyi, wato daga sallar asuba zuwa shirin makaranta. Tsakar rana ki ɗan kishingiɗa, ki sha ruwa sosai. Bayan la'asar ki yi ayyukan lissafi, bayan isha'i ki yi bita mai sauƙi da ƙananan takardunki, ki kwanta kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Shayi da kofi, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci ya kan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda aka sha da magariba yana nan yana aiki da tsakar dare. Ƙwayoyin da wasu ke sha wai don su kwana karatu, musamman tramol, ina roƙonki ko kusa da su kada ki je, domin suna kama mutum, suna iya jawo farfaɗiya, kuma ba su taɓa sa wa kowa darasi a ka ba. Da yake jarrabawar tana zuwa ne a farkon damina, ki riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma in zazzaɓi ya taɓa ki a je asibiti a yi gwaji tun ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na san kuma cewa ƴa mace a gidajenmu ba ita ke da lokacinta ba. Ki zauna da mahaifiyarki cikin ladabi ki nuna mata jadawalinki, ki roƙi a ɗauke miki aikin safe na wata biyun nan, ke kuma ki riƙe wani na yamma. Iyaye sun fi saurin amincewa idan aka zo musu da abu ƙayyadadde mai ranar ƙarewa, fiye da a ce musu kawai ana karatu. Idan kuna da ƙungiyar bita, kada ta wuce mutum uku ko huɗu, kowa ya yi aikin shi kaɗai kafin a haɗu, kuma a riƙa karɓa-karɓa a gaban allo, domin ƙungiyar da mutum ɗaya ke riƙe da alli kullum shi kaɗai take koyarwa. Waya kuwa ki ba wani ajiya lokacin zama. Duk shekara ana yawo da takardu a WhatsApp ana cewa tambayoyin bana ne suka fita; mafi yawansu damfara ce da ke cinye kuɗi da kwanakin ƙarshe masu tsada, kuma wanda aka kama da satar jarrabawa ko da waya a ɗaki korarsa ake yi, wahalar shekara ta tafi a banza.

A makon ƙarshe kada ki buɗe sabon babi, ki tsaya kan kayen kurakuranki da ambulan ɗinki. Ki je ki ga cibiyar da aka tura ki tun kafin ranar, ki haɗa takardar kira da katin shaida da bik biyu da kayan zane tun da dare. Idan an raba takarda, ki ba da minti goma na farko ga karanta tambayoyin duka, ki fara da wadda kika fi iyawa, ki rubuta a gefen takardar gwajinki lokacin da za ki bar kowace tambaya ko kin gama ko ba ki gama ba. A lissafi da fizik ki nuna matakan aikinki a fili, domin mai gyara yana bayar da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce, amma ba ya iya ba da kome a kan abin da ya tsaya a cikin kanki. In kika ji kan ya ɗauke, ki ajiye bik, ki ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, ki yi addu'arki, sannan ki rubuta duk ƙa'idar da ta zo miki game da babin a takardar gwaji, ɗaya takan jawo ƴar'uwarta. Idan an fito daga darasi, kada ki tsaya a bakin ƙofa ana kwatanta amsoshi, ki wuce gida ki shirya wa na gaba. Kuma bayan an gama zagayen farko kada ki tattara kayenki ki ɗaure, domin waɗanda suka kusa kai matsakaici ana ba su damar zagaye na biyu, kuma tazarar da ke tsakanin fitar sakamako da wannan zagaye gajera ce ƙwarai. Ki huta kwana ɗaya ko biyu, sannan ki ci gaba da bitar manyan darussanki awa biyu kowace safiya har ranar da za a kira sunaye.